Shekarar da Muka Cinye Iri

A garin nan kusan kullum da la'asar sai an yi ruwa, kuma ba yayyafi ba, ruwa mai tsawa da walƙiya, irin wanda in ya sauka a ƙauyenmu har gurgu sai ya nemi sungumi. Amma tunda na zo ban ga mutum ɗaya ya ɗaga kai ya ce alhamdu lillahi ba. Lema kawai suke buɗewa, su ɓata rai, su ƙara sauri. Ni kuwa ina maƙale a saman wani dogon bene a Bukit Jalil, wata unguwa a wannan ƙasar waje mai nisa, inda ɗana Habibu ya ajiye ni kamar tulun da ake tsoron yara su fasa, ina kallon albarkar Allah tana bin kwata. Gwiwa ce ta kawo ni. Habibu yana karatun zama dakta, ba na allura ba, na takarda, shi ya ce likitocin nan sun iya gwiwa. To, sun iya ɗin, don yanzu ina sujada ba tare da nishi ba. Sai dai sun gyara gwiwa sun bar kunne, kunnen kuwa shi ke cikin maraici. Ba carar zakara, ba kukan jaki, ba amon taɓarya. In gari ya waye na'urar sanyaya ɗaki ce ke gurnani, sai jikana da in na tambaye shi kwana ya amsa mini da Turanci, in na harare shi ya ƙara da yaren mutanen ƙasar.

Ranar Juma'a ce kaɗai ƙafata ke taka ƙasa. Mukan hau jirgin nan nasu da wani lokaci yake bi ta sama, wani lokaci ta cikin rami, mu je masallaci a Kampung Baru. In an sallame, ɗalibanmu 'yan Najeriya sai su cika wata rumfar abinci, su ce za a yi makan, wato ci. Da cin kawai suke yi da na sa musu albarka. A'a, sai sun jiƙa shinkafar da siyasar ƙasar mutane. A 'yan watannin nan maganar ɗaya ce: Firaministan ƙasar, ya sauka ko ya zauna.

"Mutumin nan ya gama yawo, lah," in ji Nazifi, yana kwaikwayon yadda mutanen ƙasar ke rufe magana. Abokin Habibu ne, wani siriri mai gilashi da ba ya iya magana sai da cokali a sama. "Lokacin da yake adawa shi ne mai rantsuwar yana hawa man fetur zai sauko. Ya hau, sai janye tallafi, sai sabon haraji. Masu ƙasar ma sun fito titi sun ce ya tafi."

"Kai matsalarka ba ka san tattalin arziki ba," in ji ɗana. "Baitulmali rijiya ce da za a yi ta ja ba ta ƙafewa? Dole a sha ɗaci kafin a warke."

"Wa zai sha ɗacin? Shi, ko mai kai abinci a babur?"

"Ka karanta rahoton kuwa?"

"Kai ka je kasuwa kuwa? Matarka ke zuwa, Dakta."

Aka kwashe da dariya, aka ƙaro shayi. Na dube su ɗaya bayan ɗaya. Duk cikinsu babu mai ƙuri'a a ƙasar nan, ko ta zaɓen mai unguwa. Kowa da takardar zama a aljihu yana lallaɓa ta kamar ƙwai. Amma ga su sun zauna suna rabon gado a gidan da ba a san da zuwansu ba. Ni ilimina bai wuce na ajin yaƙi da jahilci ba, ina karanta allon kanti in ba a rubuta shi da gaggawa ba, kuma ba na jin abin da masu kwat ɗin nan suke faɗa a talabijin in sun kewaye tebur suna wurga hannu. Sai dai na san fuskar ƙosasshe in yana bayanin yunwa, ita kam ba ta buƙatar tafinta.

"Baba, kai fa me ka gani?" in ji Nazifi. "Ya sauka ko ya zauna?"

Na ce masa ina cin abinci. Amma zuciyata ta riga ta hau jirgi ta koma gida, ta sauka a wata bazara da ban taɓa mantawa ba.

Gidanmu gidan gandu ne, abin da yaran yanzu sai dai su ji a baki. Mahaifina da ƙannensa da mu 'ya'yansu gona ɗaya muke nomawa, rumbu ɗaya muke ci. Mai gandu shi ke ba mata awo, shi ke sayen garma in ta cinye, shi ke yi wa saurayi aure in ya isa. Tun asuba lugude ke tashinka, taɓarya tana amsa wa taɓarya daga wannan sashe zuwa wancan, har ka iya gane matar da ta kwana da fushi daga yadda take dukan turmi. Ka ba dabbobi harawa, ka saɓa fartanya, raɓa ta jiƙa maka ƙafa har gwiwa. Da hantsi a kawo fura a babbar ƙwarya, a zauna gindin gawo ana zagaya ludayi, babba kafin yaro. Sai rana ta karkata a sallame ka ka je gayaunarka, 'yar gonar da kake noma wa kanka. Ba wanda ya tambaye mu ra'ayi a kan komai, kuma ban ga ya rage mana tsawo ba. Yau kuwa yaro ko wankin hularsa bai iya ba, amma yana da matsaya a kan bashin ƙasa.

Rumbunanmu iri biyu ne. Akwai na rani, wanda ake ɗiba kullum. Akwai kuma na damina, babba, a tsakiyar gida. Shi wannan da an gama kaka ake cika shi, a liƙe bakinsa da laka, mahaifina ya hau tsani ya danna tafin hannunsa a kan lakar tun tana ɗanya. Daga ranar ba mai taɓa shi sai an yi ruwan shuka, domin abincin da za a yi noma da shi ne a ciki. Can ƙasansa kuma ga iri, zangarniyar da aka zaɓa ɗaya-ɗaya a gona, mai tsawo, mai cikar ido, aka ɗaure da kaba aka barbaɗe da toka saboda ƙwari. Ko bazara ta kai mutane ga cin tafasa, wannan tafin hannun yana nan yana kallon kowa.

Mai bi wa mahaifina shi ne Baffa Ilu. Allah ya ba shi baki, ya hana shi nauyinsa. Akwai wani dutse a gindin durumin ƙofar gidanmu, nan ne fadarsa. Duk bazara nan yake zama yana fifita da hula yana cewa, "Yaya dai rowa ta yi masa katutu. Hatsi na kwana a rumbu, mutane na kwana da yunwa. Wallahi ranar da gandun nan ya zo hannuna, mace ba za ta ƙara kankare tukunya ba." Mata na jin haka su ce Allah ya ja da ran Ilu. Mahaifina bai taɓa tanka masa ba. Kakarmu Iya, wadda ta haife su duka, ita ce kan ce, "Ku bar shi ya rera. Mai riƙe da ludayi ba ya samun bakin waƙa."

Sai aka yi wata damina mai gajeren numfashi, ruwa ya ɗauke gero na tsakiyar fitar da kai. Abin da aka samu mahaifina ya raba shi, ya liƙe rumbun damina, ya danna tafinsa, sanyi bai fita ba Allah ya karɓi abinsa. Gandu ya faɗo hannun Baffa Ilu. Ina tsaye ranar da ya fara hawa tsani ya leƙa rumbun rani. Da fuska ɗaya ya hau, da wata ya sauko. Washegari ya rage awo. Tuwo ya koma sau ɗaya a yini, sauran cikin a cike shi da kwaɗon rama da yaɗiya. Baffa kuwa ya koyi wani sabon yare da ba mu san shi da shi ba: a yi haƙuri, a ba shi lokaci, shi ba shi ya kawo fari ba, tararwa ya yi. Duk ranar da na ji ɗana yana kare Firaministan nan, sai in ji kamar Baffa ne ya dawo duniya ya yi digiri.

Dutsen gindin durumi bai huce ba wani ya haye shi. Baffa Tanko ne, autansu, mai 'ya'ya maza ƙarfafa da murya kamar ta mai shela. Waƙar da Baffa Ilu ya yi shekaru yana rerawa ita ya ɗauka, ko baiti bai sauya ba, sai dai ya ƙara mata ƙaya: ko a buɗe rumbun damina, ko Yaya Ilu ya sauka ya ba mai iyawa, ko kuwa shi ya janye 'ya'yansa a raba gona kowa ya kama gabansa. Zaurenmu ya zama majalisa. Kullum bayan azahar a taru a yi ta yi har la'asar ta kusa kuɓucewa. Maƙwabta suka shigo da shawara, wanzami ya ajiye zabira ya ba da tasa, har wani ɗan koli da ya tsaya neman ruwan sha sai da ya yi mana bayanin yadda ake riƙe gandu, mutumin da ko akuya bai taɓa mallaka ba.

Ni a lokacin gemu ya fara tsiro mini, kuma an riga an yi mini alkawarin Hanne, wata 'yar unguwarmu mai wushirya, a kan in an yi kaka za a ɗaura. Mahaifina ya tafi, aurena yana wuyan gandu. In aka raba gida, ba mai yi mini. In aka yi asarar damina, ba abin yi da shi. Saboda haka duk wannan hayaniya, ni ba kujerar Baffa nake kallo ba, bakin rumbun nan nake kallo, ina roƙon Allah ya sa lakar ta fi bakin mutane tauri.

Da maza kaɗai ne da Baffa Ilu ya jure, don shi ma gwanin zaure ne. Mata ne suka karya shi, kuma ko kalma ba su furta ba. Wata asuba sai muka ji lugude ya tashi daga kowane sashe a lokaci ɗaya, amma amon ba irin wanda muka sani ba ne. Turmi mai hatsi a ciki muryarsa ƙasa-ƙasa take, dim, dim, kamar bugun zuciya. Wannan kuwa ƙwal, ƙwal, ƙwal, itace na dukan itace, har cikin haƙori kake jin sa. Turamen wofi suke dakawa. Sautin ya tsallake katanga ya bi gari gida-gida, kuma duk wadda ta taɓa riƙe taɓarya ta san abin da yake faɗa. Suka yi yau, suka yi gobe, suka mai da shi sana'a. Baffa in ya fito masallaci sai dattawa su tare shi da fara'a.

"Malam Ilu, an tashi lafiya? Kai, gidanka akwai himma. Tun asuba muke jin ana ta daka, ko biki za a yi ba a gaya mana ba?"

Yunwar mutane Baffa zai iya haƙuri da ita, tunda ba a cikinsa take ba. Dariyar mutane ce ba ya iyawa. Da ya sa aka jingina tsani a jikin rumbun damina, Iya ta fito tana dogara sanda. Ba ta taɓa kiran sunan mahaifina ba, ɗan fari ne, har bayan ransa.

"Ilu, tafin wancan ne a bakin rumbun nan."

"Iya, na sani. To ya zan yi? Ko in buɗe, ko su raba gidan a kaina."

"Su raba mana. Gona in an raba ta tana nan inda take. Iri in an cinye shi, a gidan wa za ka gan shi?"

"Haba Iya, wa ke maganar iri? Sama-sama za a ɗiba, kafin ruwa ya sauka."

"Akuya ma ganye ɗaya take cewa za ta ci in ta shiga gonar wake."

Ta juya ta koma ɗaki. Shi kuwa sai da ya jira hantsi ya yi, jama'a ta taru, sannan ya hau tsani ya yi jawabi a kan tausayi da zumunci, ya ɗaga gatari ya fasa tafin mahaifina. Mata suka rangaɗa guɗa. Baffa Tanko ya bi gari yana cewa shi ya tilasta, Baffa Ilu ya bi ɗaya gefen yana cewa dama niyyarsa ke nan. Maganar sauka ta mutu a ranar, maganar raba gona ta bi ta. Aka koma tuwo safe da yamma, fura har da ta marmari. Masu ba da shawarar nan duk suka dawo duba yadda shawararsu ta yi aiki, kowa da cikinsa. Ni ma na ci, ba a bar ni a baya ba, kuma tuwon ya yi daɗi. Laifin daɗi ƙarewa.

Ruwa kuwa ya ƙi sauka. Hadari ya haɗu a gabas baƙi ƙirin, iska ta taso ta watsa shi, gari ya koma ya ɗau zafi. Rumbu ya yi ta yin ƙasa har hannu ya taɓo damman nan masu ɗaurin kaba. Nan Baffa ya tuna shi mai gandu ne, ya ce to a tsaya haka nan. Ba wadda ta yi masa musu. Washegari da asuba wata ta ɗaga taɓarya ta saki a turmin wofi, ƙwal, sau ɗaya tak, kamar mai gyaran murya. Kafin rana ta fito Baffa ya ce a ciro dami ɗaya, ɗaya kawai. Buɗe rumbu mutum ɗaya ya isa, rufe shi kuwa sai wanda ba ya tsoron a ƙi shi, irinsa kuma mun riga mun binne. Tuwon iri ɗanɗanon toka gare shi, komai wankin da aka yi wa tsabar. Har yau in na tuna sai na ji shi a harshe.

Ranar da ruwan ya zo, ya zo da gaske. Ƙamshin ƙasa ya cika gari, kwaɗi suka ɓarke da kuka, tun da jijjifi kake jin mutane na kiran 'ya'yansu, sungumi a kafaɗa, ƙwaryar iri a hannu. Sauran gidajen su ma sun sha bazarar nan, sun rame har wuya ya fito, amma rumbunansu na liƙe. Mu da muka yi ƙiba muka zauna a zaure kamar masu karɓar gaisuwar mutuwa. Ƙarshenta ƙwadago muka bazu yi a gonakin mutane, a sallame mu da ɗan abin da ya rage musu a ƙwarya, wannan gero, wancan maiwa, wani ma ba ka san ko mene ne ba sai ya tsiro. Muna shuka mutane na noman farko. Muka yi noman da ciki fayau, tunda abincin damina ya tafi tun bazara. Geronmu bai nuna ba sai da kowa ya girbe nasa ya kai gida, ya zama a duk faɗin karkarar nan gonarmu ce kaɗai a tsaye. Tsuntsayen duniya suka yi mana taron dangi. Mu kaɗa gwangwani, mu yi ihu har murya ta dushe, su tashi daga gabas su sauka a yamma. Abin da muka kai gida, jaki bai yi gumi ba.

Mahaifin Hanne mutumin kirki ne, bai aiko ba, da kansa ya kira ni ya zaunar da ni a tabarmarsa. "Ɗana, ba ƙinka nake ba, kuma mahaifinka ya wuce haka a wurina. Amma ka ga yarinyar nan ban koya mata dakan turmin wofi ba." Kafin wata damina an kai ta wani gida, gidan wani marowaci da duk gari ke zagi, wanda ba a taɓa jin an yi masa guɗa ba.

Bayan wannan kakar aka yi zaman zaure na ƙarshe, ba maƙwabci ko ɗaya, ba wanzami. Baffa Ilu ya cire hula ya ajiye a gabansa, ya ce shi ya gaji, ga gandu nan, Tanko ya karɓa tunda ya daɗe yana so. Baffa Tanko ya zabura kamar an ɗora masa garwashi a cinya.

"Subhanallahi! Yaya, kana raye? Wa ya isa? Ai girma naka ne, mu masu biyayya ne."

Aka bi sauran ɗaya-ɗaya, kowa ya sunkuyar da kai yana yaba wa Baffa Ilu da iya riƙo. Ba a raba gandu ba, watsewa ya yi don kansa. 'Ya'yan Baffa Tanko suka tafi cin rani ba su dawo ba, ni ma na ɗaure 'yan tsummokarana na shiga birni, inda na yi dako, na yi gadi, na koyi ɗan karatun da nake taƙama da shi. Baffa Ilu ya ci gaba da zama mai gandu har tsufa ya kwantar da shi, rumbun damina ya rushe awaki suka mai da shi wurin shan inuwa. Ranar jana'izarsa na ji wani yana cewa, Allah ya ji ƙan Malam Ilu, mutumin da tunda ya hau ba a taɓa samun wanda ya ja da shi ba.

Wata Juma'ar na gutsura wa yaran nan labarin a rumfar shinkafa. Nazifi ya buga tebur ya ce, "Ka ji ko, Dakta? Mai alkawarin ƙarya tun farko ake sauke shi!" Ɗana ya ce, "Kai dai ka ji. Baba yana nufin kada a dawo da tallafi." Kowa ya ga na goyi bayansa, suka yi ta murna, har aka saya mini shayi na biyu.

Shi dai wannan bawan Allah da ake ta ja-in-ja a kansa ban san shi ba, bai san ni ba, kuma ban leƙa rumbunsu na ga abin da ke ciki ba. Amma da zai aiko a tambayi tsoho mai sabuwar gwiwa yadda ake daɗewa a kan kujera, ina da magani, kuma na ga an gwada shi a gidanmu ya ci. Ya tara jama'a da hantsi, ya yi jawabi mai daɗi, ya fasa komai a cinye. Daga nan har ya mutu ba wanda zai ƙara neman kujerarsa.